Tsohon Irin da Na Shuka a Bahon Wanka

Kai jama'a, ni dai ko na tsufa haƙora sun zube, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a saman bene a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira ba, gaban malamai da ɗalibai da surukar Ustaz Kabiru, na amsa laifin da ko iya aikata shi ban yi ba. Har yanzu in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma na yi gaba da yawa, bari in koma baya ku ji yadda aka yi.

Karatu ya kawo ni Alƙahira, Larabci tukunna kafin a shiga kulliya. Babana limamin masallacin unguwarmu ne a Kano, kuma ranar da zan taho rabin unguwa sai da suka rako ni filin jirgi, har da wata tsohuwa da ta ce kar ta mutu sai ta ji tafsirina. Baba ya damƙa ni a hannun Ustaz Kabiru, tsohon ɗalibinsa da ke digirin dakta a nan. Ustaz da iyalinsa suna ƙasa, mu ɗalibai huɗu muna shaƙƙa, wato ɗakunan hayar da ke samansu. Ranar farko ya zaunar da ni ya ce, "Doka ɗaya ce a gidan nan. Duk wanda ya jawo mana 'yan sanda ko ya ɓata sunan ɗaliban Najeriya, ni da kaina zan kira mahaifinsa, in sa shi a jirgi. Khalas." Na ce, "In sha Allahu ba za a ji ni ba, Ustaz." (Ku riƙe dariyarku tukunna.)

To ni Allah ya yi ni da wata cuta, in na kama abu sai na ga ƙarshensa. Na taɓa kama tantabaru, na taɓa kama tsofaffin rediyo. A Masar kuma sai na kama wiwi. Ku tsaya, kar ku yi mini wannan kallon! Ban taɓa sha ba, ni ko hayaƙin shisha na wuce ta ciki sai na yi tari har gida. Tarihinta na kama. Wani bidiyo na gani a waya, wani tsohon Bature mai gemu har ƙirji yana magana kamar an yi masa rasuwa, wai tsofaffin irin wiwi na asali sun kusa ƙarewa a duniya. Wai da can kowace ƙasa da nata iri. Na duwatsun Afganistan gajere ne mai faɗin ganye, na Malawi dogo ne siriri kamar ɗan Fulani, na Labanon yana da nasa launi. Sai 'yan kasuwa suka yi ta aurar da wannan da wancan har asalin ya ɓace, yanzu sai su ɗauko abin jiya su liƙa masa sunan kakansa su tsuga kuɗi. Kuma ba mai iya ƙaryata su, don waɗanda suka san na asalin sun mutu, waɗanda suka rage kuma abin da suka sha ya tafi da tunanin. (Kun gani ko? Na fara ke nan. Haka nake yi wa mutane.)

Abokan zamana sun sha wahalata. Muna cin ful, dafaffen waken Masar, da safe ina bayani, muna cikin jirgin ƙasan metro a tsaye kamar kifin gwangwani ina bayani. Biyu daga ciki in sun hango ni na gyara zama sai su tuna suna da muraja'ar karatu. Nura ne kaɗai yake zama. Ɗan Jigawa ne, mahaddaci, maganarsa a yini ba ta cika cokali ba. In na gama zuba sai ya ce, "Allah ya ƙara basira." Ni kuwa a lokacin yabo na ɗauke ta.

Wata rana na je unguwar Hadayek el-Maadi aski, na tsaya shan shayi a wurin wani dattijo, Ammu Bashir. Bahaushen Sudan ne, irin waɗanda kakanninsu suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Hausarsa daɗi, rabi tamu rabi Larabcin can. Ban san yadda aka yi ba, kafin shayina ya huce na riga na kai shi Afganistan na dawo da shi ta Malawi. Ya saurare ni tsaf, yana kaɗa cokali a kofi. Sai ya duba hagu, ya duba dama, ya rage murya.

"Ya zol, duk waɗannan da kake lissafawa yara ne. Ka taɓa jin na ƙasarku?"

Na ce, "Namu? Muna da tsohon iri?"

"Kakana da shi ya taho, ƙulle a bakin rawani. Daga Katsina har bakin Nilu. Ba a taɓa haɗa shi da komai ba. Ubana ya shuka, ni na shuka. Turawa sun zo nema, na ce musu mafish, babu."

Kai jama'a! Duk Turawan nan masu gemu suna ta hawa duwatsu suna nema, ga shi ni ɗan liman na same shi a teburin mai shayi! Na fara roƙo. Ya ce ba na sayarwa ba ne, amana ce. Na koma, ya ce sai ya yi shawara da zuciyarsa. A lokacin Umma ta aiko mini da kilishi, ƙunshi guda mai nauyi, ta ce in raba da abokan zama in kai wa Ustaz nasa. Na ɗauke shi ɗungurungum na kai wa Ammu Bashir. Ya buɗe, ya shinshina, sai zuciyar tasa ta gama shawara nan take. Ya miƙo mini wani tsumma a ƙulle, ya ce, "Tamam. Ka riƙe amana."

Da na kwance a gida, sai na ga 'ya'yan baƙi-baƙi ne masu kusurwa, alhali na hotuna masu zagaye ne da zane-zane. Kun san me na ce? Na ce, "Allahu akbar, ka ga asali! Na hotunan ai gauraye ne." Wannan ita ce hujjar da na rayu a kanta har ƙarshe. Duk abin da bai yi kama da wiwi ba, shi ne shaidar cewa tsohuwar wiwi ce.

Saman benenmu irin na Alƙahira ne, tankunan ruwa da tarin faifan dish da karyayyun kujeru da duk abin da masu gida suka kasa zubarwa. A bayan tanki akwai wani tsohon bahon wanka da aka yar. Na yi ta hawa da ƙasa a leda kamar mai satar gini, na cika shi, na watsa irin. Na gaya wa kaina ba sha zan yi ba, ba sayarwa zan yi ba, ceton tarihi nake. Na san sarai in aka kama ni ba wanda zai tambaye ni tarihi, daga iƙamata ta zama a ƙasar har karatun sun tafi, kuma sai na tsaya gaban Baba. Duk na sani. Amma kullum da na dawo daga ma'ahad ɗin da muke koyon Larabci sai in haye da jarkar ruwa.

Abu ya fito, ya yi kyau wallahi. Ganyen farko suka fito da faɗi, ba yatsu. Na ce tsohon iri ne, yana tafiya a hankali. Da ya yi tsawo sai na sama suka fara rabuwa yatsu-yatsu, irin wanda ake zanawa a hular 'yan iska. Ranar nan saura kaɗan in yi sujadar shukura, sai na tuna abin da nake godewa a kai, na fasa. Karan ya yi 'yan ƙayoyi, na ce kariya ce ta irin daji. Har fure ɗaya ya buɗe, babba, ruwan madara da jan ciki. Ba a taɓa ganin wiwi da irin furen nan ba a duk abin da na karanta. Na tsaya ina kallonsa ina cewa, "Lallai ni ne mutum na farko da zai rubuta wannan."

Cikina ya kasa riƙewa, na ja Nura na kai shi, bayan na sa shi ya rantse. Ya tsaya gaban bahon, ya kama ganye ɗaya ya murza, ya dube ni, ya buɗe baki zai yi magana. Na ce, "Tsaya in yi maka bayani," na ɗauko tun daga rawanin kakan Ammu Bashir. Da na gama ya ce, "Allah ya raya." Ya sauka.

Ana nan sai matar Ustaz ta haihu, mahaifiyarta ta zo daga Zariya don wankan jego. Hajiya Inna ke nan. Mace ce mai jiki da murya, wadda tun daga matakala kake jin ra'ayinta. Tun da ta sauka take faɗa da abincin Masar. "Wannan wace irin ƙasa ce, wake da safe, wake da rana, burodi kamar faifai? Shinkafa da taliya a kwano ɗaya, wa ya yi musu wannan aure?" Ta zo da ƙuli-ƙulinta da daddawarta da yajinta, amma kullum tana ƙorafin ba ganyen kirki.

Ranar walimar suna da safe Ustaz ya aike ni unguwar Mohandessin in karɓo goro a hannun wani ɗan kasuwa da ya zo daga gida. Na tafi hankalina kwance, don na san a falon Ustaz za a yi taro. Cunkoso ya riƙe ni, mutumin kuma ya riƙe ni da labarin canji, ban dawo ba sai bayan la'asar. Ina shiga gidan na ji falon shiru. Na ga takalma a matakala, suna hawa, suna hawa. Ashe mutane sun yi yawa, zafi ya yi yawa, an kwashe taron an mai da shi saman bene.

 Na hau da ledar goro a hannu kamar mai zuwa karɓar hukunci. Na leƙa. An shimfiɗa tabarmi, malamai a gaba, ɗalibai a baya, mata a gefe bayan igiyar shanya. An ja karyayyun kujerun gefe don a sami fili, ga bahona a sarari kowa yana gani. Kuma an tsige shi! Karare ne tsaye tsirara, sai ɗan furen nan a sama shi kaɗai.

Ustaz ya hango ni. Ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Yawwa, ga shi nan. Zo nan. Tun ɗazu nake tambayar wanda ya shuka abin nan, an ce kai ne."

Na ce a raina shi ke nan, an tsige ganyen ne don a kai shaida. Na hango jirgi, na hango Baba a kan buzunsa, na hango tsohuwar nan mai jiran tafsiri. Sai wata dabara ta zo mini, wai in na riga su faɗa da bakina za a yi mini sassauci. Na ajiye goro, na durƙusa a tsakiyar tabarma.

"Ustaz, ni ne. Wiwi ce, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma wallahi tallahi ban taɓa sha ba, kuma ba irin ta 'yan tasha ba ce. Tsohon iri ne na asali, tun na kakanni, babu irinsa a duniya yanzu. Don Allah kar ka kira Baba."

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har kiran mai gwangwan daga titi sai da na ji. Sai a lokacin idona ya sauka kan abin da ke tsakiyar malamai. Tire ne babba, an kusa cinye shi, ganye ne kore an kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir. Kowane malami hannunsa da mai.

Malam Auwal, ɗan kulliyar shari'a, wanda lomarsa tana hanya zuwa baki, ya tsayar da ita a iska. Ya ce, "Inna lillahi. Wallahi tun ɗazu nake jin kaina yana juyawa, na ɗauka rana ce." Wani ya fara tofarwa a hankici. Wani ya ce shi ma ƙafarsa ta yi nauyi. Wani daga baya ya tambaya ko alwalarsu tana nan.

Sai muryar Hajiya Inna ta taso daga bayan shanya, ta ɗage zanin da ya tare ta ta fito da ludayi a hannu.

"Wace wiwi? Kai ɗan nan, wace wiwi? Rama ce! Ramar da na tsinka da hannuna na dafa na matse! Shekara nawa ina kwaɗa rama, yau ɗan cikina zai ce na ciyar da malamai kayan maye a sunan jikata?"

Yanzu fa mai hankali a nan zai yi shiru ya gode wa Allah. An wanke shi, ba jirgi, ba 'yan sanda. Ni kuwa? Jama'a, sai na ji raina ya ɓaci. Na miƙe na ce, "Hajiya, da girmanki, ba rama ba ce. Ki duba yatsun ganyen. Kama suke yi, amma wannan irin daga Katsina aka..."

"Au, gardama za ka yi da ni? Kai a gidanku ba a cin rama?"

"Ana ci, Hajiya."

"To a ina kake ganinta?"

"A kwano."

Nan wurin ya fashe. Malamai masu rawani suna riƙe ciki, wani ɗalibi ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa. Malam Auwal ya ƙarasa lomarsa, juyawar kai ta warke nan take. Ni kuma ina tsaye, na gane a gaban mutane cewa na fi son a ce ni mai laifi ne da a ce ni wawa ne, kuma ga shi an tabbatar da na biyun.

Ustaz bai yi dariya ba, ko da yake gemunsa yana rawa. Ya ce, "Ni kiran ka na yi in sa maka albarka, Hajiya tun safe take yi wa mai shukar addu'a. A ina ka samo irin?" Na ba da labarin Ammu Bashir da kakansa da rawani. Ustaz ya dube ni, ya ce, "Bawan Allah ya bar garinsu da ƙafa, ya nufi Ɗakin Allah, shekara da shekaru a hanya. Kai a karatunka, guzurin da zai ƙulle a rawani wiwi ce?"

Wallahi ko sau ɗaya wannan tambayar ba ta taɓa zuwa kaina ba.

Na juya wajen Nura, na ce, "Kai ka sani?" Ya ce, "Tun ranar." Na ce, "Shi ne ba ka faɗa mini ba?" Ya ce, "Na buɗe baki ka ce in tsaya ka yi bayani. Kuma na ga kana ba ta ruwa a kan lokaci."

Daga nan walima ta koma darasi, kun san ɗaliban shari'a ba sa barin mas'ala ta wuce. Wanda ya yi niyyar shuka haram, ya shuka halal bisa jahilci, mutane suka ci suka ƙoshi, yana da zunubi ko lada? Aka rabu gida biyu. Wasu suka ce niyya ta kama shi. Wasu suka ce ai sadaka ta isa cikin masu ci. Malam Auwal ya ce a nasa ra'ayin akwai rangwame ga wanda hankalinsa bai cika ba. Ina zaune a gefe ana ta ƙiyasi da ni, ga goro ana rabawa ba wanda ya miƙo mini.

Da aka watse Ustaz ya ce in biyo shi. Ya zauna, ya ciro waya ya ajiye a gwiwa, sunan Baba a kan allon ina gani.  Ya ce, "Abin da ka yi niyya ya isa in kira. Ka san da a ce abin nan na gaske ne, ba kai kaɗai za a kwashe ba, har yaran da ke kwana ɗaki ɗaya da kai, har ni mai jaririya a gida. Ka yi tunanin wannan?" Na ce ban yi ba. Wannan karon ba abin dariya a ciki, kuma kunyar ta fi ta saman bene zafi. Ya juya wayar a hannu, ya ce, "Amma in na kira Malam me zan ce masa? In ce ɗanka ya lalace, ƙarya ne, ko lalacewar ba ka iya ba. In ce ɗanka bai san rama ba, wannan kuma kunyar har da shi a ciki." Ya mai da wayar aljihu. "Ka ci gaba da ba ta ruwa. Hajiya tana so kafin ta koma."

Haka na zama manomin gidan. Har yau a Ainu Shams in ka ce Dakta Rama, ɗaliban da ba su taɓa ganina ba ma za su nuna maka benenmu. Ustaz ya riƙe bakinsa, amma ba wanda ya isa ya riƙe na Hajiya Inna, kuma daga Zariya zuwa Kano ba nisa. Bayan ta koma Baba ya kira ni. Muka gaisa, ya tambayi karatu, ya tambayi Ustaz da jaririya. Har na fara sakin numfashi, sai ya ce, "Na ji an ce ka shiga noma." Na ce, "E, Baba." Ya ce, "To madalla. In ka dawo hutu uwarka za ta zaga da kai kasuwar Rimi, a gabatar da ku da alayyahu da zogale, kar wata rana ka kai su ƙara." Ya kashe wayar.

Abin da na koya shi ne, duk abin da aka ce maka na asali ne, babu irinsa, kuma duk wanda zai iya shaidarsa ya mutu, to kafin ka miƙa komai ka nemi tsohuwa ka nuna mata. Sannan in mutum shiru-shiru ya buɗe baki, ka rufe naka.

Yanzu saura ku, don na san ba ni kaɗai ba ne. Wane ne a cikinku aka taɓa sayar wa da "na asali", zuma ce ko turare ko agogo, ya dawo gida yana yi wa mutane lacca a kai? Ku faɗa mini don Allah, ko na ji sanyi a raina.